Mai Haƙon Zalɓe a Mashayar Fagam

Tun hantsi Dabo ke tare shanunsa a bakin fadamar Fagam, ƙishi na cin su, don wani baƙo ya tsare mashaya. Siririn mutum ne mai furfura a gemu. Ya jingine babur ɗinsa Basfa, ya naɗe wandonsa mai faɗin ƙafa, yana tsugune cikin taɓo da kyamara a ido, yana haƙon wani zalɓe. Yatsunsa duk sun rine. Dabo na zaton mai shagon hoto ne daga Birnin Kudu, irin masu bin hoto da fensir suna share wa alhazai tamoji.

Sallama biyu, ba amsa. Wane irin Musulmi ne wannan? A ta uku Dabo ya ɗaga murya, zalɓe ya tashi, jar saniya ta kutsa ruwa.

Baƙon ya amsa sallamar har ƙarshenta, yana cije haƙora.

"Malam, ai sai ka gyara da fensir," in ji Dabo.

"Fensir na fito da gashin fiffike, amma ba ya dawo da tsuntsu. Saniyarka kawai na ɗauka."

Dabo ya dubi haƙarƙarinta.

"To, ka ɗan ƙara mata ƙiba."