Ɗalibaina Jamusawa uku a Lome

Ingilishina ba a makaranta na same shi ba. Mahaifina soja ne, cikin Hausawan da Turawan Ingila suka kwaso daga Ikko suka kawo nan Ankara ta bakin teku, kuma a bariki na tashi ina jin saje yana daka tsawa safe da yamma. Lokacin babu wannan unguwar Nima da nake zaune a cikinta yanzu, duk daji ne, Zangonmu yana can cikin gari kusa da kasuwa. Da na girma sai na zama masinja a ofishin kwastan. A can wani akawu mutumin Saliyo, dattijo mai son a yi magana daidai, ya koya mini karatu a kan tsofaffin jaridu, ya kankare mini Turancin bariki daga baki. Kafin in yi aure ina iya tsayawa tsakanin kyaftin ɗin jirgi da fataken goro, kowa ya tafi ya gane ɗan'uwansa.

A wajen irin wannan tafinta wani Bajamushe mai sayen manja ya ji ni. Kamfaninsa yana Lome, shekaru kaɗan bayan Jamusawa sun kafa tutarsu a can. Ya ce an turo masa ma'aikata uku daga ƙasarsu, ba wanda ya iya Ingilishi, alhali duk cinikin gaɓar teku da shi ake yi. Ko zan je in koya musu?

Da na faɗa wa Baba, ya daɗe yana kallona.

"Kai ne za ka koya wa Bature Turanci?"

"Baba, ba nasu ba ne. Su ma baƙi ne a cikinsa."

"To, je ka. Amma in ka zauna a matsayin malami, ka zauna sosai."

Na bi ta Ada, na haye babban kogi, na kwana a Keta, na shiga Lome da ƙafa. Na sami ɗaki a Zangon garin wajen wani mahauci.

Ranar farko aka kai ni barandar saman kamfanin. Kujeru uku ne, kowace da mai ita. Biyu samari ne, rana ta gasa musu fuska ta yi jajir. Na ukun ya girme su, dogo ne mai tabarau, shi ke kula da sito. Na tsaya ina jira, su ma suna jirana. Da na ga ba wanda zai motsa, na sauka ƙasa na ɗauko kujera da kaina, na ajiye ta a gabansu na zauna. Dogon ya faɗi wani abu da yarensu, samarin suka sunkuyar da kai. Ban ji ba, ban kuma tambaya ba.

Ni ba na jin Jamusanci, su ba sa jin Hausa, saboda haka na koma ga hanyar da na sani, ta makarantar allo. In ɗaga abu in faɗi sunansa, su maimaita da ƙarfi, tare. Ganga, igiya, mabuɗi, ruwa. Daga nan muka shiga jimloli. Na sa kafinta ya sassaƙo mini alluna uku, kowa ya rubuta darasinsa, sai ya biya mini da ka kafin ya wanke. Akwai sautin nan na Ingilishi da ake sa harshe tsakanin haƙora. Mako biyu muka yi a kansa, ina riƙe musu madubi, masu dako a ƙasa suna ta dariya.

Samarin sun ɗauka da sauri, don ba sa jin kunyar kuskure. Da yamma ina kai su kasuwa su yi ciniki da matan Keta da Turancin da suka samu. Dogon kuwa ya ƙi buɗe baki. Yana da wani littafin nahawu da ya zo da shi daga gida, shi yake karantawa ina magana. Wata rana ya haɗa kalmomi ya ce mini abin da nake koyarwa Turancin baƙaƙe ne. Na ce masa ya maimaita, domin ya yi kuskure, ya ajiye aikatau a ƙarshen jimla. Bai sake zuwa ba.

Bayan wata huɗu aka kama matuƙan kwalekwalen kamfanin su shida a ɓangaren Turawan Ingila, aka ce albarushi suka tsallako da shi. 'Yan ƙabilar Ga ne na Ankara, na san iyayen biyu daga cikinsu. Aka kai su Ankara za a yi shari'a bayan mako uku. Mai kamfanin yana kwance da zazzaɓi, kuma mutum ɗaya ne ya ga abin da aka loda a kwalekwalen da idonsa, wato mai sito. Ba a da tafintan Jamusanci a kotun.

Ina zaune ƙofar ɗakina bayan la'asar ina cin dokunu, tuwon masarar nan, da kifi, sai ga dogon nan mai sito, hula a hannu. Ya dubi tabarmar, ya cire takalmansa, ya naɗe dogayen ƙafafunsa da ƙyar ya zauna.

"Malam," ya ce, ranar ce ya fara kirana haka. "Mako uku. Ka taimake ni."

Ban tuna masa komai ba. Na wanke hannu na ɗauko allo.

Sai na gane littafin nan ya cika masa ciki da kalmomi, bakin ne kawai bai saba ba. Kullum bayan asuba da bayan la'asar yana zuwa. Ni ne alƙali, ni ne lauya. In tambaye shi ganga nawa, wa ya rufe su, ƙarfe nawa suka tashi, in juya tambayar ta wata fuska don in rikita shi. In ya yi fushi ya koma yarensu, in yi shiru har ya dawo. Na hana shi haddace amsa. Na ce gaskiya ya gani, ya koyi faɗinta ta kowace hanya aka tambaya.

Tare muka shiga jirgin ruwa zuwa Ankara. A kotu na tsaya can baya cikin 'yan'uwan matuƙan, Baba yana gefena da tsohuwar hularsa ta soja. Aka kira mai sito. Ya ce gishiri da manja ne a gangunan, shi ya buga musu hatimi. Lauya ya zagayo shi sau uku, bai kauce ba. Sau ɗaya kalma ta ɓace masa, sai ya kewaye ta da wasu kalmomin, ya wuce.

Da ya gama, alƙalin ya tambaye shi ko ya taɓa zama a Ingila.

"Ban taɓa ba, ranka ya daɗe. Malamina yana can baya."

Kotu gaba ɗaya ta waiwayo. Na ji Baba ya gyara tsayuwa, ya buga ƙafa kamar yana fareti. Kafin magariba babu gidan da labarin bai shiga ba a Zango, kuma na san bakin da ya fito.

Aka sallami mutanen shida. Na koma Lome na ƙara shekara shida, na koya wa Jamusawa da dama, har da matar mai kamfanin. Mai siton ya koma ƙasarsu kafin ni in dawo gida, ya rubuto mini wasiƙa biyu da Ingilishi mai tsabta, daga nan ban sake jin ɗuriyarsa ba. Babban cikin matuƙan nan kuwa, duk Juma'a yana kai wa mahaifiyata Inna kifi a gida, bai fasa ba har ta rasu.