Tafin Hannun Malama Rufe-Hoto

Kafin mai gadi ya kaɗa ƙararrawa, Malama ta riga ta shiga aji biyu, ta buɗe tagogin da suka yarda su buɗu, ta tokare ƙofa da dutse domin sakatar ta daɗe da mutuwa. Ta goge allo da jiƙaƙƙen tsumma, ta fito da guntayen alli daga gwangwanin da take yawo da shi a jaka, don in ta bar shi a aji sai dai ta ji labarinsa. Bencin mutum uku yara biyar ke matsuwa a kai, sauran suna ƙasa sun miƙe ƙafafu. Haka take yi tun kanta baƙi wuluk, yau ga furfura tana leƙowa ta ƙarƙashin ɗankwali, kuma ƙarshen zangon nan za ta yi ritaya.

Sunanta na yanka ba kowa ya sani ba. Yara da iyayensu Malama Rufe-Hoto suke ce mata, wasu da ƙauna, wasu da cizon yatsa. Littafin karatun aji biyu kowane shafi hoto ne a sama, rubutu a ƙasa, su kuwa yara ba wawaye ba ne. Su ga akuya su ce akuya. Su ga yaro da guga su rera "Yaro ya ɗebo ruwa" da irin muryar da suka ji yayyensu suna yi. Wani malamin in ya ji aji ya ɗauki amo sai ya ce madalla, ya koma kan wayarsa. Ita kuwa sai ta kira yaro gaban tebur, ta buɗe tsakiyar littafi, ta kifa tafin hannunta a kan hoton, ta ce, "To, bismillah." Nan ake yin ta. Wanda ya karanta ya wuce, wanda ya tsaya yana leƙen tsakanin yatsunta kuwa, ba za ta sa hannu a tura shi aji uku ba ko sama da ƙasa za su haɗe.

Hedimasta ya yi lallashi har ya gaji. "Malama, ki rufa mana asiri," in ji shi. "Umarni ne kowa ya wuce. In muka riƙe waɗannan, ina za mu zuba masu shigowa?" Maganarsa ba ƙarya ba ce, ajin ya cika maƙil, ita ma ta sani. Amma sai ta miƙa masa biro ta ce, "Ranka ya daɗe, ga shi, ka sa naka hannun. Nawa dai ba zai hau kan ƙarya ba." Bai karɓa ba, bai kuma fasa ɗaure mata fuska ba.

Rigimar da duk makaranta ta shaida ita ce ta Auta, 'yar wani tela mai shago a bakin titi. Yarinya ce mai baki kamar rediyo, ta haddace littafin nan daga bango zuwa bango. Kullum bayan an tashi tana zaune kusa da keken ɗinkin babanta tana zuba masa karatu, shi kuma yana kiran masu kawo ɗinki, "Ku zo ku ji likitarmu!" Da sakamako ya fito aka ce Auta za ta maimaita aji, sai ga shi a makaranta, zaren awo rataye a wuya, yana huci.

"Malama, wace irin mugunta ce wannan? Yarinyar da ke karance littafi kaf a gabana! To ki ji da kyau, ko ta wuce, ko in cire ta ta zauna a shago tana sa maɓalli. Dama an ce makarantar gwamnati ɓata lokaci ce."

Malama ta san ba barazana yake yi ba. Ta ga yara da yawa da aka cire a kan abin da bai kai wannan ba, ba wanda ya dawo. Ta san in ta sa hannu Auta za ta ci gaba da zuwa, ta yi ta hawa aji tana rera abin da ba ta gani, har ranar da littafi mai hoto zai ƙare ta tsaya cik. In ta ƙi kuwa, yau ɗin nan za a iya janye mata yarinyar. Ta jawo masa kujerarta. "Baban Auta, zauna tukuna. Auta, zo 'yata."

Ta buɗe littafi, ta kifa hannu. Auta ta dubi rubutun, ta dubi hannun, ta dubi babanta. Shiru. Aka juya wani shafin, nan ma shiru, sai hawaye. Tela ya kasa ɗaga kai. Wallahi duk wanda ya ga mutumin nan a lokacin sai ya tausaya masa.

"Kai tela ne," in ji Malama. "Za ka miƙa wa mutum riga ba ka ɗinke hammata ba, don kawai ta yi kyau a rataye?"

Da ya buɗe baki muryarsa ta yi ƙasa. "Malama, ni fa ban yi boko ba. Ko ta karanta daidai ko ta yi shirme, ta yaya zan sani?"

"Ba karatunka nake nema ba, hannunka nake so. Ka rufe hoton, ta karanta, sannan ka ɗaga. In ta ce akuya ka ga akuya, ta ci. In ta ce akuya ka ga jirgi, ka ce ta sake. Ka ba ni zango ɗaya, ni da safe, kai da yamma."

Ya tafi bai ce e ba bai ce a'a ba. Ranar da aka dawo hutu Malama ta yi ta duban ƙofa, har aka kusa fara darasi, sai ga Auta ta shigo idanu jawur, ta zauna cikin ƙannenta. Aka fara daga baƙi da wasali kamar ba ta taɓa shiga aji ba. Ba daɗi aka sha ba. Yarinya ta yi kuka, ta yi yaji, ta ce cikinta na ciwo. Tsoffin 'yan ajinsu suna leƙowa ta taga suna mata dariya, Malama tana korarsu da tsumman allo. A shago kuma, masu wucewa sun sha ganin tela ya tsayar da keke, ya kifa ƙaton hannunsa a kan shafi, sannan ya ɗaga a hankali yana leƙawa, ya ce, "Kash! Auta, wannan ai kwale-kwale ne, sake." Wata rana kuwa sai aka ji ya daka tsawa har mai shagon kusa ya fito a guje, ashe murna ce, ta ce tsani, ya ɗaga ya ga tsani.

Ƙarshen zango ya dawo ajin, wannan karon da sallama. Malama ba ta ma taɓa littafi ba. Ta rubuta jimla a allo wadda ba hoto ba waƙa, Auta ta bi ta da yatsa tana haɗa baƙaƙe, tana tuntuɓe tana tashi, har ta kai ƙarshe: "Babana ya ɗinka mini riga mai aljihu." Tela ya dubi Malama don ba abin da zai ɗaga ya duba. Ta gyaɗa kai. Sai ya juya ya fuskanci bango yana gyaran hula, kowa ya yi kamar bai gani ba.

Ke ce, Malama, kika gwammace a tsane ki da a yaudari ɗan talaka. Ke ce aka kai ƙararki, aka zage ki a bakin ƙofa, aka ce kin cika taurin kai, kika ce e, kin cika. Masu cewa makarantar gwamnati ta mutu, daga cikin mota suke hango ta, su zo su tsaya a ajinki su maimaita in sun isa. Ba ta mutu ba, an dai bar ta ne a hannun mutane irinki, ba alli ba benci, sannan a dawo ana tambayar me ya sa yara ba su iya ba. Mun gode, uwar masu karatu. Allah ya saka miki, ya ba ki lafiyar cin hutunki.

Saura mu iyaye. Mun iya sayen jaka da takalmi mu tura yaro, mu ce mun sauke nauyi. Telan nan yanzu duk wanda ya kawo ɗansa awon kayan makaranta, sai ya zaro littafi ya gwada yaron kafin ya ɗauki almakashi, wasu iyayen su yi fushi su tafi da yadinsu, wasu kuma washegari a gan su a ƙofar aji. Mutumin da bai san ko baƙi ɗaya ba ke nan, to kai mene ne uzurinka? Malama za ta tafi, kuma ba mu da tabbacin wanda zai gaje ta zai damu. Yau in ɗanka ya dawo, zaunar da shi ka ji da kunnenka. In kana tsoron abin da za ka ji, ka riga ka san amsar, gobe sai ka raka shi makaranta.