Lukuman Kucheri, Muryar da Ba Za Mu Goge Ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 14 ga Afrilu, 1999, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Lukuman Kucheri, mawaƙin ƙungiyarmu ta Aradu, bayan ya yi kwana huɗu yana fama da sanƙarau. Bayan azahar muka kai shi makwancinsa a Kucheri, ƙasar Tsafe. Ni ne Muktar, mai buga ganga a ƙungiyar.

Lukuman, ka zo mana a lokacin da babu mawaƙin da ke son ya raɓe mu. Shekara takwas mutanen Gusau sun san Aradu da abu biyu: rugugin gitar lantarki da ganguna, wanda ya sa ake ce wa kiɗanmu kiɗan ƙarfe, da kuma muryar Tajuddeen, siririya mai kaifi, wadda ke hawa saman duk wannan ƙara. Da Tajuddeen ya bar mu a 1996 ya koma Kaduna ya kafa tasa ƙungiyar, kowa ya ce tamu ta ƙare. Bashiru mai gita ne ya ji ka kana waƙa a wurin gayya, ana noman dawa, ya kawo ka. Muryarka mai kauri ce, a dishe. Ranar farko na ce ka gwada jan waƙa yadda Tajuddeen ke yi. Ka dube ni ka ce, "Malam Muktar, in Tajuddeen kuke so, kun san hanyar Kaduna. Ni da maƙogwarona na zo."

Da wannan maƙogwaron muka yi kaset ɗin Kufai a 1997. Muka rage saurin kiɗa, muka ƙara masa nauyi. Babu waƙar soyayya a ciki, babu kirarin kowa. Ka yi waƙar rumbun da ya ƙare tun kafin damina, da ta garin da samarinsa suka watse, da ta mahaifinka da ya faɗi a gona da fartanya a hannu. Gusau ta rabu biyu. A tasha wani direba zai sa kaset ɗin, fasinja ya ce a cire ko ya sauka. 'Yan kabu-kabu har dambe suka yi a kansa. Wasu suka ce wannan ba Aradu ba ce, zaman makoki ne aka haɗa da gita.

Ban manta da Bungudu ba. Wata Asabar bayan la'asar muna wasa a filin ƙwallo, ka fara waƙa ke nan aka ɗauki ihu: "Ba mu so! A dawo mana da Tajuddeen!" Aka yi ta jifanka da ɓawon rake. Wani ya hau dandamali, ya zare zaren kaset ɗin Kufai gaba ɗaya, ya rataya maka a wuya. Hannuna ya tsaya a kan ganga. Ba ka cire zaren ba, ka waiwayo ka ce mini, "Buga." Na buga. Ka rera waƙoƙin Kufai takwas ɗin har ƙarshe. Fiye da rabin mutane suka tafi. Waɗanda suka tsaya yawancinsu manoma ne, kuma da muka gama wani dattijo ya riƙe hannunka ya ce, "Wa ya ba ka labarin gidana?"

A daminar nan ce Bashiru ya faɗi a babur ya karye a hannu. Babu wanda ya roƙe ka, ka ɗauki fartanya ka tafi gonarsa a Magami, ka yi masa noman fari da maimai. Da ya yi maka godiya ka ce ya warke kawai, gita na jiransa.

Akwai abin da ya zama dole in faɗa. Bayan Bungudu zuciyata ta karaya. Na tafi Kaduna a ɓoye na roƙi Tajuddeen ya dawo, ya ƙi. Ashe ka ji labari. Da na sauka a tasha na tarar da kai kana jirana. Ka karɓi jakata ka ce, "Sannu da hanya." Ba ka taɓa tayar da maganar ba. Na yi ta cewa gobe zan nemi gafararka. Ranar da na buɗe baki a asibiti, ba ka jin kowa.

Ranar sadakar uku, tabarmar gaisuwa ba a naɗe ba, wani mai sayar da kaset ya ja ni gefe. Wai tunda Allah Ya yi ikonSa, a goge muryarka daga Kufai, a kira Tajuddeen ya ɗora tasa a kan kiɗan, a gyara abin da ya ɓaci. To ga amsarmu a rubuce, ni da Bashiru da sauran 'yan ƙungiya: babu abin da ya ɓaci. Ba mu yi kuskure da muka ɗauke ka ba, kuma ba za mu ba kowa haƙuri a kan Kufai ba. Wanda bai so, kada ya saurara. Asalin kaset ɗin na damƙa shi a hannun matarka Bara'atu, ta kulle shi a akwatinta, kuma babu mai taɓa shi muna raye.

Allah Ya jiƙanka, Lukuman. Allah Ya gafarta maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ka huta. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka Inna Lantana, da Bara'atu, da 'ya'yanka Mansura da Abubakar Sadiƙ, da dukkan mutanen Kucheri. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.