Ranar da Ɗan Ƙanwata Ya Sa Hannu

Duk sadda ɗari ya shigo, maƙwabta sunka hura karan gero da marece, hayaƙin nan Jiratawa yake maida ni, ɗakin kakata. Kai mai karatu, ni ban taka ƙofar lakwal ta boko ba, amma labarin da ke cikina ya fi na takardunku, ka ji da kyau.

Kakata ba ta san wasa ba. Bayan magariba mukan kewaye wutarta, ƙafafu duk faso, gyaɗa na gasuwa cikin toka. Dokarta guda ce: kafin ka ba da labari, sai ka faɗi bakin da ka karɓo shi. Ita kanta sai ta ce, "Na karɓa ga gwaggona ta Tsibiri, ita ta karɓa ga uwarta," sannan ta soma. Wai labarin da ba a faɗi mai shi ba, akuyar sata ce.

Akwai wanda munka fi so, na matar da ta tafi ɗebo wuta gidan maƙwabta shekarar yunwa, ta iske su suna dakan irin shukar da gari duka ya aje a rumbu guda. Wata rana bakin rijiya ƙanwata, ba ta wuce shekara bakwai ba, ta ba ƴan mata labarin nan, ta ce ita ta ƙago shi. Ni na kai ƙararta. Da marece kaka ta dube ta, ta ce, "Tashi. Mai ƙago labari ta ƙago wutarta."

Har ɗarin ya fita, bayan zana ƙanwata take zama in an soma hira. Muna jin tarinta. Uwarmu ta roƙa, kaka ta ce, "Ke ma wajen kike so?" Ni na gaji mazauninta kusa da wuta, na gaji rabonta na gyaɗa. In ce maka na ji tausayi, na yi ƙarya.

Aure ya kawo mu Maraɗi. Ƙanwata ta rasu ta bar ɗa namiji, ya ƙarasa girma hannuna, ya yi lakwal har ya zama mushe, malamin lakwal. Shekara biyu yana zuwa da kaye da biki, kayan rubutunshi, yana cewa, "Inna, ƙara ba ni na matar wuta." Na ba shi kaf, har da inda ake sauke murya.

Ɗarin bara waccan ya aiko kabu-kabu ya ɗauke ni zuwa wani ɗan shagon littattafai a unguwar Zariya, nan cikin Maraɗi. Mai shagon dattijo ne mai tabarau, ya tsufa cikin takardu. An jera bencuna, ana zuba shayi, ɗan ƙanwata na zaune bakin tabur, mutane sun yi layi yana sa masu hannu a littafinshi. Dattijon na ta faɗi: "Jama'a, wanga littafin ɗari ne. A ja bargo a karanta. Ba mai aje shi sai ya san wa ya buɗe rumbun iri. Wanda ya riga ya sani, ya riƙe bakinshi don Allah!"

Kusa da ni wata malamar lakwal ce riƙe da nata. Na ce, "Ɗiyata, karanta min farkon." Ta karanta sunanshi. Ta karanta godiya ga malamanshi, ga wani alhaji da ya ɗauki nauyin bugawa, ga matarshi. Na ce, "Saura?" Ta ce, "Shi ke nan, Hajiya."

Na ɗaga murya. "Kai, wa ya ba ka labarin nan?"

Ya yi dariya. "Haba Inna, tatsuniya ai ta kowa ce, ni na ɗinka mata riga. Zo in sa miki hannu a naki, ko hoton bangon kya riƙa kallo."

Shago ya ɗauki dariya. Sai na dafa sandata na miƙe. Na ce na karɓa ga kakata ta Jiratawa, ita ga gwaggonta ta Tsibiri, ita ga uwarta. Na soma tun daga farko. Kafin matar ta kai ƙofar maƙwabta, ba ka jin ko ƙarar kofin shayi. Na ja su yadda ake jan guga, sannu, har bakin rijiya. Sannan na ce, "Mijinta ne. Mijin matar ne ya buɗe rumbun."

Wata daga baya ta ce, "Kash, tsohuwa, kin gama da mu!" Layi ya watse. Waɗanda ba su kai ga sa hannu ba sunka riƙa maida littattafan bisa tabur ɗaya ɗaya. Dattijon ya cire tabarau ya ce, "Hajiya, ni me na yi miki?" Ɗan ƙanwata ya rufe bikin rubutunshi, idanu jajur, ya ce, "Uwata ta faɗa min haka kike. Ban yarda ba."

Na ce, "Uwarka ma a waje ta sha ɗarinta."

Tun ranar bai ƙara taka gidana ba, ko gaisuwar salla. Kwalayen littattafan da sunka rage, na ji matarshi ta rabar. Watan jiya mai ƙosan layinmu ta ƙunsa min na safe cikin wata takarda, ta ce daga littafin mushe ce. Na ci, ƙosan ya yi daɗi.

Yanzu yara kansu na cikin waya, labari na shigo masu ba uwa ba uba, ba mai tambayar bakin da ya fito. Jikokina in na ce su zo hira, sai su ce suna da darasi. Su sha zamansu. Ina da labari sun fi arba'in da ban ba kowa ba, kuma ba mai sa hannu a kansu. Da su za a rufe ni.