Kawu Sule da hotonsa na cikin gajimare

Ku da kuka san Kawu Sule, kun san ba a nuna masa sabon abu a rabu lafiya. Rediyo ne, keken ɗinki ne, babur ne, sai ya goya hannu a baya ya zagaye abin kamar mai duba sa a kasuwa, sannan ya ɗago kai ya ce, "Madalla. To in ta lalace, wa zai gyara?" Shi a duniya bai ga dalilin sayen abin da za a iya yin hayarsa ba.

Lokacin muna bin motar Abuja tare daga Suleja, shi yana aiki a ma'aikata, ni ina sabon aiki. Ya yi yarjejeniya da wani direban bas, Sande, yana biyansa wata-wata, kujerar gaba tasa ce. Da mahaifina ya sayo mota 'yar Kwatano, Kawu ya zagaye ta ya yi tambayarsa. Baba ya ce, "Sule, hassada ce kawai." Ba a daɗe ba wata safiya muka iske Baba a gindin Dutsen Zuma, an buɗe bakin mota, hayaƙi na tashi, ya naɗe hannun riga. Kawu ya ce, "Sande, rage gudu in gai da surukina." Ya leƙo ta taga ya ce, "Alhaji, sannu da mallaka!" Wallahi Baba ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarsa.

Firji fa? Matarsa Inna Asabe ta yi magiya har ta gaji. Shi kuwa sai ya je wurin Mama Ngozi mai sayar da kayan sanyi a bakin layi, ya kama hayar kusurwa ɗaya a cikin firjinta. Nan ake ajiye naman gidan da ruwan sha. Inna ta ce, "Malam, namanmu a gidan mutane? In ta kulle shago ta tafi ƙauye fa?" Ya ce, "In an ɗauke wuta, wa ke yawon neman man janareta? Ita. Ni sanyi kawai na sani." Ai kuwa wata Kirsimeti matar ta tafi garinsu da makulli, muka ci tuwo da miyar kuka ba nama mako guda. Kawu ya ce likita ma ya hana shi nama. Wane likita? Har yau ba mu gan shi ba.

Yanzu in yara suka tambaye ni aikina, Kawu nake kawo musu. Kamfaninmu ba ya sayar da manhaja a faifai. Manhajar tana zaune a manyan injuna can wata uwa duniya, waɗanda mu ma hayarsu muke yi, su ne ake ce wa gajimare. Kai naka ka biya kuɗin wata, ka buɗe ta daga kowace kwamfuta ka yi aikinka, gyara da sabuntawa duk a wuyanmu. In ka daina biya, ko layi ya yanke, ƙofa ta rufe. Kawu ya gane wannan tun muna ganin kwamfuta kamar aljana.

Ga yadda aka yi. A ƙarshen shekarun 1990 ɗansa Aminu yana karatu a ƙasar waje tare da matarsa. Ya aiko cewa zai turo wa Kawu kwamfuta don su riƙa gaisawa. Kawu ya ce a gaya masa ya riƙe kayansa. Sai ya tafi wani shagon buga takardu kusa da tsohuwar tasha, mai kwamfuta ɗaya da layin tarho, ya ce a buɗe masa imel. Mai shagon, Festus, ya nuna masa yadda ake yi. Kawu ya ƙwanƙwasa akwatin ya ce, "Wasiƙun nawa a nan ciki suke kwana?"

"A'a, Baba. Suna can waje, a injin wasu. Wannan taga ce kawai."

"In injin ya lalace?"

"Su za su gyara."

Kawu ya cire hula ya ce, "Allahu Akbar! Ashe akwai masu hankali a duniya!" Daga ranar ya ƙara Festus a cikin waɗanda yake biya wata-wata.

Ba kullum ake dacewa ba. In aka yi ruwan sama layi ya mutu, sai ya dawo gida bai ga wasiƙa ba. Inna ta ce, "Yau kuma wa zai gyara?" Ya ce, "Ko waye, ba ni ba ne dai."

Sai matar Aminu ta haihu, jikar su Kawu ta fari. Aminu ya turo hoton jaririyar. Kawu ya gani shi kaɗai, ya dawo yana ta bayani: hancin nasa ne, goshin nasa ne. Inna ta shirya za ta je washegari, har da sabon mayafi. Da suka isa, shago na warin ƙonannen roba. An kawo wuta da ƙarfi, kwamfuta ta babbake, masu takardun neman aiki sun cika ƙofa suna wa Festus ihu. Inna ta zauna a bakin dakali ta fashe da kuka. "Shi ke nan, hoton jikata ya ƙone ban gan ta ba! Da ka karɓi kwamfutar yaron nan!"

Kawu bai yi musu ba, abin da ba a taɓa gani ba. Ya ce, "Tashi, Asabe." Ya kira ni, muka shiga motar Sande, ya ba ta kujerar gaba shi ya matsu a baya da mu. Duk hanya leɓensa na motsi. Na ce, "Kawu, ba ka ce yana can waje ba?" Ya ce, "Haka aka ce mini. Yi shiru ina addu'a."

A wani shago a Abuja ya zauna ya danna sunansa da yatsa ɗaya. Hoton ya fara saukowa daga sama a hankali: hula, goshi, ido. Inna ta ɗora tafin hannunta a kan gilashin tana cewa, "Ga ta! Ga ta, Malam!" Kawu ya kau da kai yana goge fuska, wai fankar shagon ce ke hura masa ƙura.

Iyakar ganin da ya yi wa yarinyar ke nan. Ya rasu kafin su Aminu su dawo. Hauwa'u 'yar Aminu, ke ce jaririyar hoton nan, kuma ki sani ya gama Suleja kaf yana ba da labarin hancinki. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka makwancinsa, Ya haɗa shi da jikokinsa a gidan Aljanna. Amin.