Jan yawun Kawu a kan igiya

Jiya matata ta zaro jirgin leda daga bayan akwati, ta riƙe shi da yatsu biyu tana yamutsa fuska. Ta ce, "Maigida, wannan jan abin a kan igiyar fa?" Na ce yawun Kawu ne.

Kawu, ƙanin mahaifiyata, mai jan shanu ne a kasuwar Artisan. Shi ya tsinto mini jirgin ina yaro a gwanjon kasuwar Ogbete, irin mai igiya biyu da ake sa shi juyi a sama. Ba ya ƙulla igiya sai ya tsotse bakinta, ga shi goro ba ya barin bakinsa. Haka zai miƙo mini ita, ja, jiƙe, da ɗumi.

Ranar da ya koya mini juyi, muna filin bayan mayanka, ƙudaje na bin fuska. Ya ce, "Ja dama, saki hagu. Kamar bijimin sa ne, ba a kokawa da shi." Na fizge duka biyun. Jirgin ya kifa cikin kwatar da ake zubar da dattin tumbi. Na tsaya ina toshe hanci. Tsohon ya naɗe wando, ya shiga har gwiwa, ya fito da shi yana ɗiga. Igiya ɗaya ta kwance. Ya goge ta a riga, ya kai baki. Na juya na yi amai.

Ya ce, "Ka gama, ɗana? Kama."

Jiya da matata ta ce bari ta wanke igiyar, na hana ta. Duk ƙullin da na yi ya kwance, nasa yana nan. Allah ya jiƙan Kawu, ya shayar da bakin nan ruwan Alkausara.