Lambar da Alhaji Fatai Ya Rubuta

Zakka ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Kano a shekarar da soja suka miƙa mulki, da jakar leda ɗaya da sukundireba biyu. Da gyaran tafireta ya fara a Sabon Gari, tafireta ta mutu. Ya koma jan waya a shagunan intanet, wayar hannu ta zo ta binne su ɗaya bayan ɗaya. Yanzu shekararsa hamsin da huɗu, gwiwa ta ƙi tsani, ido ya ƙi ƙananan rubutu, ga yaran zamani suna ce masa Baba tun kafin ya yarda. Kai, sana'ar da kullum sai ka koma ɗan koyo ai wahala ce kawai!

A haka aka kira shi wani gida a Kwaciri. Maigidan, Alhaji Fatai mai atamfa a Kantin Kwari, ya rasu. Mutum ne mai son na'ura kamar me, har ya ajiye saba a ɗakinsa, wato akwatin da ya tara hotuna da bidiyon iyalinsa na shekara ashirin. Tsawa ta ƙone suwic ɗin da wayoyin gidan suke haɗuwa a kai, tun daga ranar akwatin ya yi gum. Matarsa, Hajiya Nafisat, takabarta za ta ƙare ranar Alhamis, Juma'a a wuce da ita Ilori. Ƙanin mijin kuma ya ce zai goge akwatin ya kai shago.

Ta bayan labule Hajiya ta yi magana. "Malam Zakka, ba wani abu nake nema ba. Fuskarsa nake so in ƙara gani tana motsi."

Zakka ya ce aikin awa ɗaya ne. Da ma ya yi shiru.

Ya kafa sabon suwic a madadin wanda ya ƙone. Akwatin ba shi da wurin jona allo, ta wayar intanet kaɗai ake isa gare shi. Marigayin kuwa ya raba wayar gidan gida-gida, abin da masu sana'ar ke kira bilan, kowane layi da lambarsa, kamar layukan Kwari. In ba ka faɗa wa sabon suwic lambar layin ba, ko kana tsaye a ƙofa ba za a amsa maka ba. Allah ya taimaka, akwai takarda manne a jikin akwatin da rubutun biro: 70. Zakka ya sa wa suwic ɗin saba'in. Shiru.

Ya sake waya. Ya yanke kanta ya ɗaura sabo. Ya cire daga ramin farko na suwic ɗin ya mayar na biyu. Fitilar ramin tana ƙyaftawa kore shar, alamar ƙarfen lafiya lau, amma ko gezau. Aka ɗauke wuta, ya zauna yana fifita da kwali. Aka kawo, ya sake daga farko. Akwai wani ɗan maɓalli a bayan akwatin da ke goge komai ya mayar da shi sabo, sai dai hannunsa ya ƙi zuwa wurin. Kayan mamaci ne, in suka tafi wa zai dawo da su?

Talata ta wuce haka, Laraba ma. A hanyar gida ya ce wa ransa ƙarshensa ne ya zo, gara ya koma ƙauye ya noma citta. Ba fushi yake ba, gajiya ce tsantsa.

Ranar Alhamis da hantsi Hajiya ta fito, ta tsaya a bakin ƙofa. Zakka bai iya ɗaga kai ba.

"Hajiya, ki yafe ni. Na bi lambarsa, saba'in ɗin nan, na rasa inda ta maƙale."

"Wace saba'in?"

Ya nuna mata takardar. Ta sunkuya, ta daɗe tana kallon rubutun mijinta.

"Sittin da biyar ce. Alhaji bai taɓa rubuta lamba da boko ba, ɗan makarantar allo ne, ko a jikin dilar atamfa da ta Larabci yake sa alama. Wannan mai kama da bakwai shida ce, zagayayyen nan kuma biyar."

Zakka ya dafe kai. Shekara nawa yana cin tuwon garin nan, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, amma lambar Larabci ta kwana uku tana yi masa dariya! Ya goge saba'in ya sa sittin da biyar. Kafin ya sauke hannu akwatin ya amsa.

Suka shiga buɗe bidiyo. Bikin sunan Sadiat, 'yarsu ta fari. Walimar sauka. Dawowar Hajiya daga Makka. Kowa yana ciki, har maƙwabta da mai kiɗa, ban da Alhaji. Ashe kullum shi ke riƙe da kyamarar. Zakka ya ji kunya kamar shi ya yi laifin, ya dinga sauri yana neman wani.

"Dakata," in ji ta.

A allon ita ce tsaye a tsakar gida da tire a hannu. Hoton yana rawa, sai ga tari, sannan wata murya kusa-kusa tana dariya: "Maman Sadiat, ɗago kanki mana, ke nake ɗauka."

Hajiya ta zauna a ƙasa inda take.

"Malam Zakka, mayar da shi baya."